Kiwon Wadannin Karfasa a Akwatin Gilashi: Tsokaci a Kan Yanayin Ƙaraye da Rogo

Tsakure

Mutanen Ƙaraye da Rogo sun san karfasa a koma da kasko da kwanon miya, amma kaɗan ne suka san cewa tana da ƙananan dangi da ake kiwo a akwatin gilashi domin kallo da nazari. Wannan maƙala ta bambance wadan kifi na asali da karfasar da cunkoso ya tsumburar, sannan ta yi bayanin yadda ruwan rijiya da zafin bazara da sanyin hunturu da rashin tsayayyar wutar lantarki ke shafar wannan kiwo a yankin. An kuma taɓo haɗarin tsargiya da ke biyo ciyawar da aka ɗebo daga bakin dam.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1992 aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Ƙaraye, kimanin kilomita 90 kudu maso yammacin birnin Kano. Tsayin bangonta mita 42 ne, tsawonsa kilomita 7.8, kuma idan ta cika tana riƙe ruwa kubik mita miliyan 904. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da ita. An gina ta domin noman rani da ruwan sha, sai dai ta zo da wata riba, domin su ya zama sana'ar da ake ci da ita a ƙauyukan bakin ruwa, karfasa kuwa ta zama kifin da kowane yaro ya sani.

Duk wanda ya zauna a irin waɗannan garuruwa ya taɓa ganin yaro ya dawo gida da 'yar karfasa a gorar roba, ya ajiye ta a gindin gado, yana marmasa mata tuwo. Haka abin yake a Rogo idan damina ta ja baya, kududdufai da fadamu suka fara janyewa suka bar ƙananan kifaye a sarari. Ba a cika kwana uku ba a tarar da ita ta juya ciki sama, manya su ce ai kifi ba ya zaman gida. Wannan magana tana da madogara, amma ba ta cika ba. Bahaushe ya daɗe yana jefa tarwaɗa a rijiya ta shekara da shekaru, har ya samu abin da yake kira kifin rijiya. Abin da ya sa tarwaɗa ke jurewa shi ne tana da wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iskar sarari da ita. Karfasa ba ta da wannan gata, numfashinta duka a cikin ruwa yake, saboda haka idan ruwan ya ɓaci ba ta da mafita.

2.0 Dangin Karfasa da Wadanninsu

Karfasa, wadda wasu ke kira gargaza, tana cikin babban dangin da masana ke kira Cichlidae, mai nau'i fiye da 1,600 da aka tantance, mafi yawansu a Afirka da Kudancin Amurka. Ana gane su da ƙofar hanci guda ɗaya a kowane gefe, da layin gefen jiki da ya katse gida biyu, da wasu haƙora a maƙogwaro da suke niƙa abinci da su. Amma abin da ya fi jan hankalin masu kiwo shi ne renon 'ya'ya. Yawancin kifaye sukan zuba ƙwai su yi gaba. Dangin karfasa kuwa suna tsare nasu. Macen Oreochromis niloticus, wato karfasar da ta fi shahara a kasuwa, tana ɗauke ƙwanta a baki har su ƙyanƙyashe, ba ta cin komai a tsawon kwanakin. Coptodon zillii kuma rami take haƙawa a ƙasa, uwa da uba su tsaya gadi tare.

Wadanni su ne nau'o'in da girmansu na ƙarshe ba ya wuce kimanin santimita 10 zuwa 12, wato faɗin tafin hannu. Akwai Apistogramma na rafukan Amazon, da Mikrogeophagus ramirezi na ƙasashen Benezuwela da Kolombiya, da wasu 'yan mitsi-mitsi na Tafkin Tanganyika da ke kwana su haihu a cikin katantanwa. Wanda ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne na gida, Pelvicachromis pulcher, da masu kiwo ke kira kiribensis. Asalinsa kudancin Nijeriya ne da gaɓar Kamaru. Masanin kifaye George Boulenger ne ya fara bayyana shi a rubuce a 1901, daga samfurin da aka kamo a bakin Kogin Ethiope da ke Jihar Delta ta yanzu. Kalmar pulcher a Latin tana nufin kyakkyawa, laƙabin kiribensis kuwa daga garin Kribi na Kamaru ya samo asali, saboda an daɗe ana rikita shi da wani ɗan'uwansa na can. Namiji yakan kai santimita 10 ko ɗan fiye, mace ba ta cika wuce 8 ba, kuma ita ce mai ado, domin cikinta yakan yi ja jawur idan ta shirya haihuwa. Abin takaici ne cewa wannan kifi na Nijeriya ya fi sauƙin samuwa a kantunan Jamus da Ingila fiye da kasuwannin Arewa. Wanda ke son sa a Ƙaraye sai ya yi saƙo ta hannun masu sayar da kifin ado na manyan birane, musamman Legas, inda cinikin ya fi ƙarfi.

Akwai kuma maƙwabci na kusa. Ruwan Challawa yana haɗuwa da Kogin Kano ya zama Kogin Haɗeja, ya bi Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Chadi, kuma a wannan kwari ana samun kifayen Hemichromis. Ɗaya daga cikinsu ƙarami ne, ja, mai ɗige-ɗigen shuɗi masu ƙyalli, wanda Turawa ke yi wa laƙabi da lu'ulu'u. Ya saba da ruwan yankin da zafinsa, ga juriya. Aibinsa faɗa: idan ya yi ƙwai ba ya barin kowa ya sake a akwatin. Sai a kula kada a rikita shi da babban ɗan'uwansa mai tabo biyar a gefe, Hemichromis fasciatus, wanda mafarauci ne kuma yakan wuce santimita 20.

3.0 Wada na Asali da Tsumburarriya

A nan ne kuskuren farko yake faruwa. Karfasar da yaro ya kamo a kududdufi mai yiwuwa ƙarama ce don ba ta girma ba tukuna, ko kuma tsumburarriya ce. Masu kiwon kifi a tafki sun san wannan matsala sarai: idan karfasa ta yi yawa a ƙaramin wuri, abinci ya yi kaɗan, sai ta fara haihuwa tun tana kimanin santimita 10, 'ya'yan su ƙara cunkoso, a wayi gari tafki ya cika da kifin da ba mai saye. Wannan ce ta sa masu kiwo na kasuwa ke neman maza zalla. To amma tsumburarriya ba ta sauya jinsi ba. Idan ta samu abinci da sarari za ta ci gaba da girma, kuma irinta yakan kai santimita 30, wani lokaci fiye. A akwatin ɗaki za ta tone rairayi, ta cinye tsirrai, ta yi kashin da ruwan ba zai iya ɗauka ba. Wada na asali kuwa ko an ba shi dam ɗin Challawa shi kaɗai ba zai wuce tafin hannu ba.

4.0 Ruwa

Akwatin da ya dace da namiji da mace na kiribensis shi ne mai tsawon santimita 80, faɗi 30, tsayi 30. Yana cin lita 72, wato kusan jarka uku ta 'yan garuwa mai lita 25. Tun da kowace lita kilo guda ce, idan aka haɗa da gilashi da rairayi nauyin zai doshi kilo 90, don haka teburin roba ko durowar da ta fara sakin ƙusa ba wurin ɗora shi ba ne. Faɗin ƙasa ya fi zurfi muhimmanci, domin waɗannan kifaye a ƙasa suke rayuwa, kuma da faɗin saman ruwa iska ke shiga.

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza, kuma a akwatin kifi an san abin da ke tsamar da shi. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta matsefan numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma idan ta ruɓe ita take zama. Amoniya guba ce, tana ƙona matsefan, kuma ita ce ke kashe karfasar gora ko da ruwan yana nan garau a ido. A kogi akwai ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a jikin duwatsu da rairayi, wasu su mayar da amoniya naitirait, wanda shi ma guba ne mai hana jini ɗaukar iska, wasu kuma su mayar da naitirait ya zama naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce kuma tsirrai na sha a matsayin taki. Sabon akwati ba shi da waɗannan ƙwayoyi. Sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawan da za su iya aikin, kuma a cikin soson matata suka fi zama. Ke nan mai kiwo zai cika akwati, ya kunna matata, ya riƙa jefa ɗan ƙwayar abinci kullum alhali babu kifi a ciki, har wata guda ya wuce. Wannan jira shi ne abin da ya fi yi wa sabon shiga wuya, kuma tsallake shi ne ya fi komai kashe kifi. Daga nan kuma za a gane dalilin da ya sa ba a wanke soson da sabulu ko ruwan zafi. Matse shi kawai ake yi a cikin ruwan da aka ɗebo daga akwatin. Mai tsafta da yawa, wanda ke juye komai duk Juma'a ya goge gilashi da omo, kullum mayar da kansa yake yi ranar farko.

Naitiret kuwa sai an rage shi da hannu, ta hanyar zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako a mayar da sabo. A akwatin da aka ambata lita 18 ke nan, bai cika jarka ba.

Sai tambayar ruwan da za a zuba. Uwargida ta san cewa kanwa tana kashe tsami, kuma ma'aunin da masana ke kira pH ba wani abu yake aunawa ba illa inda ruwa ya tsaya tsakanin tsami da kanwa: 7 tsakiya ce, ƙasa da haka tsami, sama da haka kanwa. Kiribensis yana zama lafiya daga 6 zuwa 7.5. Muhimmancin wannan ya wuce jin daɗin kifi, domin a zafin digiri 25, ɓangaren amoniya mai guba a ruwa mai pH 8 ya ninka na mai pH 7 kusan sau goma. An kuma lura cewa ruwa mai tsami yana sa maza su fi yawa a cikin 'ya'yan kiribensis, mai matsakaici kuma ya rinjayar da mata. Rijiyoyi biyu a unguwa ɗaya suna iya bambanta, saboda haka takardar gwaji, wadda ba ta da tsada, ta fi zato. Ruwan da sabulu ke wahalar kumfa a cikinsa yana da nauyin ma'adinai, bai dace da Apistogramma ba, amma 'yan Tanganyika irinsa suke so. Ya fi hikima mutum ya zaɓi kifin da ya dace da rijiyarsa da ya ɗora wa kansa gyaran ruwa kowane mako.

Ruwan famfo mai kulorin sai ya kwana a buɗe yana motsi kafin a zuba. Ruwan burtsatse, ko da ba kulorin, yakan fito da ƙarancin iska, shi ma kwanan yana yi masa amfani. Ruwan da aka kwantar da alif bai kamata ya shiga akwati ba, haka ma ruwan farko na indararon kwano, wanda ke tafe da ƙura da tsatsa. A gidan manomi kuwa, kuma yawancin gidajen Rogo da Ƙaraye na manoma ne, babban haɗari shi ne bokitin da aka taɓa dama maganin feshi a cikinsa. Ɗauraya ba ta isa ba. Akwatin kifi yana bukatar bokitinsa da ba ya aikin komai sai wannan. Haka nan maganin sauro, na fesawa ne ko na igiya ko fiya-fiya, yana kashe kifi da ɗan abin da mutum ba zai ko ji warinsa ba, kuma famfon iska da kansa yake zuƙo shi ya tura cikin ruwa. Kafin a yi feshi a kashe famfon, a lulluɓe akwatin da zane, kada a buɗe sai ɗaki ya sha iska.

5.0 Bazara, Hunturu da Wuta

Littattafan kiwon kifin ado yawanci an rubuta su ne a ƙasashen sanyi, don haka hankalinsu yana kan ɗumama ruwa. A yammacin Kano matsalar fuska biyu gare ta. Kiribensis yana son digiri 24 zuwa 27. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana yakan kai 40, ɗaki mai rufin kwano ba silin kuma yakan riƙe shi har tsakar dare. Ruwa mai digiri 25 yana iya riƙe oksijin kimanin miligiram 8.3 a kowace lita, a digiri 35 kuwa bai kai 7 ba, alhali a lokacin ne jikin kifi ya fi bukatar iskar. Idan aka ga kifi ya tattaru a sama yana hamma, saƙon ke nan. Maganin yana cikin hikimar randa: ruwan da ke tururi yana sanyaya wanda ya bari. A cire murfi a sa raga, a juyo da 'yar fanka tana kaɗa saman ruwan, zafi zai sauka da digiri biyu ko uku, a kuma rage abinci. Jefa ƙanƙara kai tsaye yana kawo saurin sauyin da ya fi zafin illa. Ɗakin ƙasa mai rufin soro, wanda ake yi wa kallon na da, ya fi ɗakin bulo da kwano dacewa da wannan kiwo nesa ba kusa ba.

A Disamba da Janairu kuma sanyin asuba yakan sauka ƙasa da digiri 15. Ruwan da ya yi ƙasa da 20 yana raunana kifin, sai a ga wasu fararen ɗigogi kamar gishiri sun feso masa, cutar da wata ƙwayar halitta ke haddasawa. Lulluɓe akwati da bargo da daddare da nisanta shi daga taga suna taimakawa ƙwarai. Busasshiyar iskar hunturu tana kuma shanye ruwa ta bar ma'adinai a baya, saboda haka cike gurbi kawai ba ya maye gurbin canjin mako.

Wutar lantarki ba abin dogaro ba ce a yankin, kuma matatar da ta tsaya awanni masu yawa ƙwayoyinta sukan fara mutuwa. Shi ya sa matatar soso mai aiki da famfon iska ta fi kowace dacewa. Famfon ba ya cin fiye da wat 2 ko 3, ƙasa da ƙwan fitila, kuma batirin sola da ake cajin waya da shi yana iya riƙe shi dare da rana. Kifi kaɗan a ruwa mai yawa shi ne sauran kariyar.

6.0 Kogo da Haihuwa

Kiribensis a kogo yake haihuwa. Ba sai an sayo na kanti ba: sabuwar 'yar tukunyar ƙasa da aka kifar aka fasa mata ƙofa, ko asusun yumɓu da aka faɗaɗa bakinsa, ko ƙoƙon kwakwa da aka tafasa, duk suna yi. A sa biyu ko uku, da duwatsu a tsakani, domin wanda aka kora ya samu maɓoya. Mace ce ke zawarci. Takan lanƙwasa jiki tana karkarwa a gaban namiji tana nuna masa jan cikinta, sannan ta kwashe rairayin kogon da baki. Tana manna ƙwai a rufin kogon, daga 'yan gomomi zuwa ɗari biyu ko fiye, ta zauna tana yi musu fifita, namiji yana sintiri a waje. Sukan ƙyanƙyashe cikin kwana biyu zuwa uku, bayan kimanin mako guda kuma uwa ta fito da su ayari guda. Idan ta ga abin tsoro sai ta girgiza fukafukanta, nan take su kwanta a ƙasa kamar ba su, wanda ya yi nisa kuma ta ɗauko shi a baki ta tofar cikin 'yan'uwansa. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa ba zai ƙara kallon karfasar kasuwa yadda yake kallonta ba, kuma makarantun sakandaren yankin za su amfana da akwati ɗaya irin wannan fiye da zanen allo.

Abinci ba matsala ba ne. Ƙaramin tsaban abincin tarwaɗa da aka niƙa yana yi, muddin ba a wuce abin da za su cinye cikin minti biyu ba, domin maiƙo gare shi. Yankakkiyar tana da gara suna ƙara musu launi. Tsutsar sauro abinci ce mai kyau, amma ajiye ruwa a tsakar gida domin a tara ta kiwon zazzaɓi ne.

7.0 Abin da ke Shigowa Daga Dam da Abin da ke Komawa

Jarabar ɗebo ciyawar ruwa da rairayi daga bakin Challawa ko wata fadama babba ce, tun da kyauta ne. Sai dai a jikin wannan ciyawa ake samun ƙananan dodon koɗi na jinsin Bulinus, waɗanda tsutsar tsargiya ke girma a cikinsu. Tsutsar tana fitowa daga dodon koɗin ta yi iyo, ta huda fatar duk wanda ya sa hannu ko ƙafa, bayan makonni a ga jini a fitsari. Cuta ce da aka sani a garuruwan da ke kusa da madatsun ruwa, kuma yara ta fi kamawa, su ne kuwa masu tsoma hannu a akwati. Dodon koɗi guda mai ɗauke da ita zai iya zama a ɗakin kwana yana sakinta kullum. Tsutsar da ta fito ba ta wuce kimanin kwana biyu a raye idan ba ta samu jiki ba, don haka ruwan dam da aka tace ya yi kwana biyu babu dodon koɗi a cikinsa ya kuɓuta ta wannan fuska. Rairayi da duwatsu kuwa a tafasa su. Ciyawa ta fi wuyar sha'ani, saboda ƙanana sukan maƙale a ƙarƙashin ganye, gara a samo tsirrai daga wani mai kiwo. Yaron da aka ga alamar a fitsarinsa a kai shi asibiti, akwai maganin firazikwantel, kada a ɗauke ta alamar balaga kamar yadda wasu ke yi.

Hanyar komawa ma tana da nata haɗarin. Ma'aurata guda na kiribensis za su iya cika gida da 'ya'ya cikin shekara, sai mai su ya ga tausayi ne ya kai rarar dam ya sake. Kiribensis da aka saki a tsibiran Hawai ya kafa zuriya a can. Giwan ruwa da aka zuba a Tafkin Biktoriya a shekarun 1950 yana cikin manyan dalilan ɓacewar nau'in dangin karfasa da aka ƙiyasta sun kai 200. Ruwan da ya bar Ƙaraye yana ratsa Wudil da Haɗeja har dausayin Nguru, kuma masunta da yawa ne ke ci daga gare shi a hanya. Rarar 'ya'ya a ba wani mai kiwo, ko makaranta, ko a raba namiji da mace a akwati biyu har sai an samu mai karɓa.